A Yi Fim Ɗin Magana Jari Ce, Amma a Bar Aku Ya Yi Magana

Akwai wani buri da ya daɗe yana yawo a bakin masu karatun Hausa, musamman waɗanda suka yi firamare a zamanin da malami ke shigowa aji da littafi guda, ya karanta, yara su yi tsit kamar ruwa ya ci su. Burin shi ne su ga ranar da za a mayar da Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi fim na gani na faɗa. Maganar takan taso a majalisar malaman makaranta a Kurfi, takan taso a teburin mai shayi a Dutsin-Ma, haka kuma a Facebook, inda za ka ga ana rabon matsayi tun kafin a sami mai zuba kuɗi: wane ne zai dace da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wa zai iya ɗaukar muguntar Waziri, muryar wa za a ba aku. Wannan ɗoki abu ne mai kyau, kuma yana da hujja. Sai dai ina ganin akasarin masu ɗokin sun sa ido a inda dukiyar ba ta nan. Sun ƙagara su ga aljanu suna tashi sama da dakaru dubu suna karo da juna, alhali jarin waɗannan littattafai yana cikin bakin mutanen da ke cikinsu. Duk fim ɗin da ya samu aljanun ya rasa bakin, ya sayi buhu ne ya bar hatsin a kasuwa.

Ba mu kaɗai ke irin wannan jira ba. A Ingila da Amurka, littattafan Narnia guda bakwai da C. S. Lewis ya fitar tsakanin 1950 da 1956 sun samu finafinai uku a 2005 da 2008 da 2010. Tun da kamfanin Netflix ya sayi izinin sake su a 2018, masoyansu ke ta muhawara kan wanda zai fito a matsayin wa, da abin da bai kamata a taɓa ba. Darasin da ke cikin wannan ba girman kuɗin da ake kashewa ba ne kawai. Mutanen da suka girma da littafi suna ɗaukarsa amanarsu, suna tsare shi, kuma wannan tsarewar ce ke sa kamfanoni yin taka-tsantsan. Mu ma muna da irin wannan amana, kuma Jihar Katsina ta fi kowa alhakin riƙonta. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a 1933. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa. Ahmadu Ingawa, mai Iliya Ɗan Maiƙarfi, sunansa ma ya faɗi garinsu. Wato rijiyar da yaran ƙasar Hausa suka sha labarin jarumai da aljanu daga cikinta, a ƙasar Katsina aka fi haƙa ta.

To, mene ne ainihin abin da ke cikin rijiyar? Ɗauki Magana Jari Ce, wanda Imam ya zauna a Zariya ya rubuta a 1936, ya fito cikin littafi uku. Jarumin littafin ba ya riƙe takobi, ba ya hawan doki. Tsuntsu ne a cikin keji. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya ƙulla makircin halaka yaron da zarar ya fito daga fada. Makamin aku kaɗai shi ne labari: duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai ya ja shi da zance har gari ya waye. A littafi na biyu, gasar da aka yi tsakanin aku da abokin takararsa Haziƙ ta iya ba da labari ce. A na uku, aku yana riƙe da sarautar Waziri, yana horon ɗansa Fasih, nan ma da labari. Sunan littafin kansa ya gama bayani. Haka abin yake a Ruwan Bagaja. Abin da mutane suka riƙe bayan shekara arba'in da karanta shi shi ne ramuwar gayyar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yadda wannan zai yi wa wancan wayo a gari kaza, wancan ya rama a gari na gaba, da irin baƙar maganar da ke biyo baya. Ko labarin Kalala da Kalalatu, ko na Sahoro da Sahorama na cikin Magana Jari Ce, ba a buƙatar kwamfuta kafin su sa mutum dariya. Abin da suke buƙata shi ne ɗan wasan da ya san inda ake ɗaga murya da inda ake yin shiru, da marubucin da Hausa ta zauna a bakinsa.

Daga nan hujjata ta taso. Fim ɗin da ya dace da waɗannan littattafai shi ne wanda aka yi da Hausa tsantsa, aka jera shi kashi-kashi kamar yadda aku ya jera dararensa, aka kashe mafi yawan ƙarfi a kan rubutu da zaɓen 'yan wasa, sannan aka ɗauke shi a ƙasa ta gaskiya mai duwatsu da ruwa da gidajen ƙasa. Tsarin littafin da kansa ya yi wa mai shirya fim rabin aiki. Kowane labari kashi guda ne mai cin gashin kansa, labarin Musa da Waziri kuma shi ne igiyar da ke dawo da mai kallo mako mai zuwa. Masu kallon Hausa sun riga sun nuna cewa wannan salo suke so. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya shafe shekaru ana bin sa, Labarina da Izzar So tun daga 2020 sun mayar da jiran kashi na gaba al'ada a gidaje da shagunan cajin waya. Wanda ya matse labarai masu yawa haka cikin fim na awa biyu, dole ya zubar da zancen ya riƙe faɗan, kuma zancen shi ne littafin.

Wannan ba hanya ba ce da ba a taɓa bi ba. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, da Hausa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya yi wasan Magana Jari Ce, har da wanda aka yi da Turanci domin sauran 'yan Nijeriya, marigayi Ƙasimu Yero na cikin fitattun 'yan wasan. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya tashi daga littafi ya zama fim a farkon shekarun 1990. A ƙarshen shekarun 1990 kuma kamfanin Sarauniya na Kano ya ɗauko tatsuniyar Daskin da Riɗi, ta samu karɓuwa a gidaje. Duk waɗannan an yi su ne da kayan aikin da wayar hannun ɗalibin jami'a ta yau ta fi wasunsu kyan hoto. Abin da ya biyo baya shi ne masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta karkata ga soyayya da waƙa irin ta Indiya, saboda nan kasuwa take, aka bar yara ba su da rabo. Yau yaron ƙauyen Wurma ko Birchi da ya samu aron waya, jaruman da zai gani suna tashi sama suna magana da Hausa 'yan Indiya ne da aka yi wa fassara. Ba laifinsa ba ne idan ya fi sanin Baahubali a kan Ganɗoki. Abin da aka ajiye masa a gaba ya ci.

Masu suka na farko su ne malamai da iyayen da ke cewa fim zai ƙarasa kashe karatu. A ganinsu, yaron da ya kalli aku a allon waya ba zai sake buɗe littafi ba, kuma hoton da ya gani zai toshe wanda da zai ƙirƙira a zuciyarsa. Akwai gaskiya a rabin maganar na biyu. Wanda ya fara karanta Ruwan Bagaja yana da Malam Zurƙensa na kansa, wanda babu ɗan wasan da zai yi daidai da shi. Amma rabin farko ya ɗauka cewa littafin yana hannun yaron, fim ne zai zo ya ƙwace. Duk wanda ya san halin makarantun firamare na ƙauyukanmu ya san ba haka zancen yake ba. Yaran da yawa ba su taɓa ganin bangon littafin ba, balle su zaɓa tsakaninsa da fim. Wanda bai san akwai Musa da aku ba, ba zai nemi labarinsu a kanti ba. Finafinan Harry Potter da aka yi daga 2001 zuwa 2011 ba su hana sayar da littattafan ba, sun ƙara aika sababbin masu karatu wajensu ne. Sharaɗin dai shi ne littafin ya kasance a kusa lokacin da sha'awar ta motsa. Saboda haka duk shirin fim da bai haɗa da sake buga littattafan cikin farashi mai sauƙi da kai su makarantu ba, ya yi aikin rabi. Kuma a nan ma Hausar fim ɗin ce gada. Idan abin da yaro ya ji a bakin aku ya yi kama da abin da zai tarar a shafi, zai shiga littafin kamar mai shiga gidan da ya sani.

Masu suka na biyu su ne 'yan kasuwar fim, kuma maganarsu ta kuɗi ce. Suna cewa labarin aljanu da dodanni sai da miliyoyin da ba mu da su, in kuwa aka yi shi da araha za a zama abin dariya. Sun yi gaskiya cewa aljanin kwamfuta na araha ya fi rashinsa muni. Amma wannan hujja ce a kan masu son kwaikwayon Amurka, ba a kan abin da nake kira gare shi ba. Mafi yawan labaran Imam a fada da kasuwa da gona da gidan alƙali suke faruwa. Ɓarayi ne da 'yan damfara da wawaye da matan da suka fi mazansu wayo. Inda dabbobi ke magana, zanen katun ya wadatar, kuma Kirikou, fim ɗin zane na 1998 da aka gina kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa zane mai sauƙi da labari mai ƙarfi na iya zaga duniya. Maƙwabtanmu Yarbawa ma sun ba da amsa. Kunle Afolayan ya yi Anikulapo a 2022 da harshen Yarbanci, ya gina ƙauyen ɗaukar fim a Jihar Oyo, duniya ta kalla tana karanta fassara a ƙasan allo. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura da Hausa, shi Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024. A ɗaya gefen kuma ga fim ɗin Amina na 2021, wanda aka kashe wa kuɗi aka yi da Turanci, Hausawa da yawa suka kalla suka ce ba su ga kansu a ciki ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Suka ta uku ta fi sauran nauyi a ƙasarmu, domin ta shafi addini. Akwai masu ganin cewa nuna bokaye da aljanu da tsafi ga yara koya musu shirka ne, kuma duk wanda ya tuna yadda aka yi watsi da shirin gina dandalin shirya finafinai a Ƙofa ta Jihar Kano a 2016 ya san wannan damuwa ba abin rainawa ba ce. Amsar tana cikin littattafan. Imam ɗan gidan malamai ne, kuma labaransa suna ƙarewa ne da makirci ya koma kan mai shi, mai haɗama ya yi asara, mai gaggawar fushi ya yi da na sani. Boka a wurinsa yawanci maƙaryaci ne da asirinsa ke tonuwa. Shekara da shekaru ana karantar da waɗannan littattafai a makarantun da malaman addini suka sa 'ya'yansu, ba a ce sun ɓata kowa ba. Haɗarin yana zuwa ne idan mai shirya fim ya ga cewa tsafin ya fi jawo kallo, ya kumbura shi ya shafe darasin. Wannan kuwa shi ne kuskuren da nake gargaɗi a kai tun farko. Wanda ya riƙe zancen ya riƙe tarbiyyar, domin a cikin zancen take. Kuma hikima ce a zauna da malamai tun ana rubutu, a ji ta bakinsu, maimakon a jira sai fim ya fito a shiga musayar yawu.

Akwai kuma masu cewa ai labaran ma ba namu ba ne. Gaskiya ne Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, kuma Iliya asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne. Amma wannan zargi, in an duba, shi ne babban darasi ga mai shirya fim. Imam bai ɗauko labarin baƙi ya jibge shi yadda ya same shi ba. Ya tuɓe masa kayansa, ya sa masa riga da rawani, ya ba shi Sarkin Fada da dogarai da liman, ya cusa masa karin magana, har Bahaushe ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Aro ya yi, amma ya biya da riba. Bambancinsa da mai kwafe fim ɗin Indiya fage bayan fage shi ne wannan aikin narkarwa. Mai son mayar da littafin fim shi ma sai ya yi wa fasahar kyamara abin da Imam ya yi wa labaran: ya karɓe ta, ya koya mata Hausa.

Me ya kawo Dutsin-Ma da Kurfi cikin wannan zance? Abu biyu: wuri da mutane. Duwatsun da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga gare su, da faɗin ruwan madatsar Zobe, da ƙauyukan Kurfi masu rumbuna da gidajen ƙasa, da kasuwar dabbobi, da dawakin hakimai da kayan hawansu, duk abubuwa ne da wasu ƙasashe ke kashe dukiya su gina na bogi. Fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi suna riƙe da tsarin zaman fada, da yadda ake faɗuwa gaisuwa, da yadda bafade ke amsa wa sarki, abubuwan da finafinanmu kan yi wa kwaikwayon ganin dama. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, inda ake da malamai da ɗaliban Hausa da za su iya zama kan rubutu su tace shi, su bambanta Hausar fada da ta kasuwa, su hana aku yin magana kamar mai karanta labaran rediyo. Na san za a ce tsaro fa? Ba za a ɓoye ba, yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ya sha wuya a hannun 'yan bindiga, kuma babu mai hankalin da zai kwashi 'yan wasa ya kai su bakin daji domin hoto. Amma aikin rubutu da gwajin murya da wasan dandamali ba sa buƙatar daji. Ana iya fara su a harabar makaranta. Kuma yaron da ya taso yana jin sunan garinsu a labarin hari kaɗai yana da haƙƙin ya ga dutsen garinsu a labarin da ake dariya a cikinsa.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda masu ɗoki kan tsallake. Abubakar Imam ya rasu a 1981, kuma dokar Nijeriya tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ma'ana, littattafansa ba kayan tsintuwa ba ne. Akwai iyalansa, akwai kamfanin NNPC na Zariya da ke buga su. Duk mai niyya ta gari sai ya fara da ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. Wannan kariya ce ga masu karatu ma, domin mai haƙƙi yana iya gindaya sharaɗin cewa a yi da Hausa, a kuma girmama rubutun. Gwamnatin jiha, idan tana son taimakawa, ba sai ta zama mai shirya fim ba. Ya isa ta sayi littattafan ta raba wa makarantu, ta tallafa wa gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun sakandare a kan labaran, ta sauƙaƙa wa masu ɗaukar fim shiga wuraren tarihi. Daga irin wannan gasa ake gano yaron da zai iya zama Malam Zurƙe.

Saboda haka masoya su ci gaba da ɗoki, amma su san abin da za su nema. Idan aka zo musu da tallan fim mai cike da wuta da hayaƙi, su tambaya wa ya rubuta zancen, da wane harshe, kuma an nemi izinin masu littafi ko ba a nema ba. Gara a jira shekara biyar a samu kashi goma sha biyu masu kyau da a yi gaggawa a ɓata sunan da ba a ɓata ba tun fitowar Magana Jari Ce a 1937, domin sauri kan haifi nawa. Ma'aunin kuma littafin ya riga ya ba mu shi. Aku ya yi nasara ne saboda ya riƙe yaro guda a zaune, da baki kawai, alhali ƙofa a buɗe take kuma zuciyar yaron tana waje. Yaron Kurfi na yau yana riƙe da waya mai ƙofofi dubu. Fim ɗin da ya iya zaunar da shi har aku ya kai aya, sannan ya tashi yana tambayar inda ake samun littafin, shi ne fim ɗin da ake jira.